Ciwon Sugan Fadimatu da Asalin Matan Randa

Ni dai rijiya nake tsoro. A shekarun da kowa a Jimeta yake kauce wa jakar da aka ajiye babu mai ita, ni abin da yake tsaya mini a rai shi ne rijiyar gidan surukata a Mbamba. Ba ta da murfi, bakinta bai kai gwiwar babba ba, kuma 'yata ta fari a gidan take zaune.

Mu 'yan unguwar Gwadabawa ne a Jimeta, kakanninmu fatake ne da suka zo suka zauna. Maigidana kuwa Bafulatanin Yola ne, yana sayar da hatsi a kasuwa. Da aka yaye Fadimatu, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Dada, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu tsauri. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta tambayar ko ta ci abinci. In ta faɗi a gabanki, bango za ki kalla. Ni kuma Allah ya yi ni da zullumi. Sai na tara ɗan abin da nake samu a kitso, na ba wani kafinta ya je ya yi wa rijiyar murfi, na ce ya ce maigida ne ya aiko shi. Da na je gaisuwa ranar Juma'a, Dada ta dube ni ta ce, "Ɗana tun da aka haife shi bai taɓa tuna akwai rijiya a gidan nan ba. Amma useko, mun gode, Allah ya yi masa albarka." Na sunkuyar da kai. Na koma gida ina ganin na rufe ƙofar da hatsari zai shigo.

Ciwon ya fara ne shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika gari. Gidan Dada ya cika da dangi, wasu a zaure, wasu a rumfa. Fadimatu tana wajen shekara shida. Ni ranar Juma'a kawai nake ganinta, ita ma da gefen ido.

Juma'ar farko, abin da na lura shi ne shan ruwa. Kafin mu gama gaisawa da matan gidan ta je randa ta dawo, ta sake komawa, tana ɗaga moɗa da hannu biyu har ruwa yana bin wuyanta. Na ce a raina zafi ne. Wanda ya san Yola ya san zafinta.

Juma'a ta biyu na tarar da tabarmarta a shanye, yaran baƙi suna yi mata waƙar mai fitsarin kwance. Yarinyar da ta daina tun tana ƙarama. Dada ta ce labaran da 'yan gudun hijira suke bayarwa a gabanta ne suka tsorata ta.

Ta uku, awarwaron da na saya mata da sallah, wanda da ƙyar yake wuce tafin hannunta, ya zame har gwiwar hannu. Ga shi tana ci kamar mai noma. Da na zagaya bayan ɗaki, inda ta tsuguna na ga kiyashi sun yi baƙi a wurin. Ban san ma'anarsa ba, amma ban taɓa ganin kiyashi sun bi fitsari ba, sai abin ya zauna mini.

Dada ma ta ga ramar, kuma ba zama ta yi ba. Mace ce da take nuna so da abinci. Ta shiga ba ta kunun gyaɗa da suga cokali-cokali, fura da nono da zuma, rake in an samu. Aka kai ta kemis aka ba da maganin zazzaɓin sauro. Bai yi ba, aka ce taifod ce, aka canja wani. Na yi wa maigida magana a ɗaki, ya ce, "Ki bar Dada da jikarta. Ita ta rene mu duka, ga mu nan da ranmu." Na je wurin Innata, ta ce, "Ke dai kada ki je gidan Fulani ki zubar mana da mutunci. Ki yi addu'a ki yi shiru."

Na yi addu'ar. Shirun ne ya gagare ni.

Juma'ar da ta biyo baya na isa da hantsi, na tarar tsakar gida cike da mata, wani bappan maigida, ɗan'uwan mahaifinsa, yana zaune yana wanke rubutu. Fadimatu tana kwance a ƙofar ɗakin Dada. Tun asuba take amai, tana cewa cikinta. Numfashinta kamar na wanda ya yi gudu mai nisa, mai zurfi, ba ya tsayawa. Da na matso na ji bakinta yana wari kamar gwandar da ta nuna ta wuce. Ana yi mata magana ba ta amsawa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na durƙusa na ce, "Fadimatu."

Matan gidan duk suka juyo. Ta buɗe ido da ƙyar, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Ta ce, "Adda?" Haka take kirana, kamar yayarta. Na kwance zanen da na yafa na ɗora ta a bayana. Na ji wata goggo tana cewa, "To, yau Bahaushiya ta ajiye mana kunya a tsakar gida." Ban waiga ba. Ina isa zaure na ji takun mutum a bayana. Dada ce, ta ɗauko mayafinta. Ta gyara ƙafar yarinyar da take reto ta ce, "Ko goyo ba ki iya ba. Mu je."

Muka hau keke mai ƙafa uku. A shingen sojoji ana sauke kowa a duba. Sojan da ya zo wajenmu ya leƙa fuskar yarinyar, ya bugi bayan keken ya ce mu wuce. Ban san sunansa ba, har yau ina sa shi a addu'a.

Asibiti kuwa kamar kasuwa. Mutane kwance ƙarƙashin itatuwa, layin yankar kati ya fita har waje. Na tsaya a ƙarshen layi ina jin nauyin yarinyar yana ƙaruwa a bayana. Sai wata mata doguwa, da ɗankwali ɗaure irin na matan coci, ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta kai hancinta bakin yarinyar, ta tambaye ni, "Yana shan ruwa da yawa? Yana fitsari?" Na ce e. Ta ce, "Mama, yarinya naka ba na layi ba ne." Ta kama hannuna ta ja ni ta gaban mutane, ana ta gunaguni, har gaban wata nas. Ta ce, "Sista, a huda yatsan wannan. Suga ne." Aka huda, aka ɗiga jinin a wani ɗan tsinke. Nas ɗin ta duba, ta karɓi yarinyar daga bayana ta shige da sauri. Sunan matar nan Rifkatu, 'yar Michika.

Sai da aka kwana biyu ana ƙarin ruwa kafin Fadimatu ta tashi zaune ta ce tana jin yunwa. Likitar yara, wata mace siririya mai gilashi, ta kira mu ni da Dada da maigida. Ni a sanina ciwon suga na manya ne, na alhazai masu tumbi. Dada kuwa tun da ta ji sunan ciwon ba ta iya cin komai ba. Ta tambayi likita, "Zuma nawa ne ya yi wannan?"

Likita ta ce, "Mama, ba zumarki ba ce, ba laifin kowa ba ne. Akwai wani abu da jiki yake yi da kansa, insulin, shi ne yake shigar da abinci inda zai yi amfani. Jikinta ya daina yinsa. Za a riƙa ba ta da allura. Ku ɗauke ta kamar abinci. Ba a cewa an ci jiya, yau a huta." Wannan maganar ta ƙarshe na riƙe ta kamar karatu.

Zaman asibiti akwai abin godiya akwai na takaici. Komai kai za ka sayo, ruwan ƙari, safar hannu, auduga, wani lokaci a ce babu a ciki sai ka fita titi. A ƙasa muke kwana ni da Dada, bayan gida kuwa ba na son tuna shi. Amma akwai nas ɗin da ta bar abincinta yana hucewa tana koya mini allura a jikin lemo. Da aka zo kan yarinyar na kasa sokawa. Rifkatu, da take leƙo mu kullum, ta ce, "Ke da kika ce kina huda kunnen jarirai a unguwa? Na mutane ne babu zafi?" Na yi dariya, na soka.

A can ta ba ni labarinta. Ɗanta Ishaku yana da irin ciwon. Da 'yan bindiga suka shigo garinsu suka gudu ta dutse da ƙafa, allurar tana cikin jakarta a rana. Ta lalace, ɗan abin da ya rage ma ya ƙare a hanya. Sun iso Yola, amma bai daɗe ba ya rasu. Ta ce ranar da ake ganin masu suga ƙafarta da kanta take kawo ta asibiti, ba ta san inda za ta kai kanta ba.

Ranar sallama aka zo ga maganar da kowa yake gudu, wato gidan wa yarinyar za ta koma. Dada ce ta yanke. Ta ce, "Idona ba ya ganin lamban alluran nan. Ki tafi da ita. Amma Juma'a nawa ne, a kawo mini ita." Haka Fadimatu ta dawo ɗakina a Gwadabawa, muka fara sanin juna kamar baƙi.

Makonnin farko a gida, wurin ajiye allurar ne ya fi damuna. Ba ta son zafi, mu kuwa ba firji, ga wuta sai ta ga dama. Na kai ajiya shagon wani mai sayar da ruwan sanyi, ta daskare ta zama ƙanƙara, likita ta ce a zubar, ita ma ta lalace. Ranar na yi kuka a keke. Likita ce ta ce in ba firji a gwada tukunyar ƙasa. Dada ta ji, ta sa aka gina mata biyu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Allurar tana cikin kwalba mai murfi a can ƙasa. In ka sa hannu sai ka ji sanyi kamar gindin randa.

Sai kuma masu ba da shawara. Wannan ta ce shuwaka, waccan ta ce zogale, wata ta ce duk abin da yake da ɗaci yana kashe zaƙi. Mafi hatsari shi ne wani mai magani da bappan maigida ya samo, wanda ya ce zai warkar da ita gaba ɗaya, amma sai an daina allura don kada ta karya maganinsa. Maigida ya fara karkata. Ban ga laifinsa sosai ba, kasuwa ta mutu a lokacin, ya riga ya sayar da awakinsa. Na aika wa Rifkatu. Ta zo ta same shi a ƙofar gida, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Oga, ni na ga abin da rashin allura yake yi. In kana so, mu hau keke in nuna maka inda na binne shi." Washegari da kansa ya je ya sayo sabuwar kwalba.

Akwai kuma faɗuwar suga, da ban san ana yi ba. Wata Juma'a a Mbamba an yi mata allura, ta shagala da wasa ba ta ci abinci ba. Sai rawar jiki da gumi, idonta ya juya. Likita ta riga ta gaya mana abin yi. Dada ta jiƙa suga ta ba ta a hankali, kafin a ɗaura zani yarinya ta dawo tana tambayar ina 'yartsanarta. Dada ta ce, "Likitocinku ba su da magana ɗaya. Jiya suga guba, yau suga magani." Tun daga ranar ba a raba bakin mayafinta da ƙullin suga, kusa da na goro.

A ranakun ganin likita muka fara gane juna, mu iyayen yara masu ciwon. Ba mu da yawa. Akwai ta Jambutu, akwai ta cikin Yola, akwai waɗanda suke sansanin 'yan gudun hijira. Duk wadda ta zo sabuwa, ni da Rifkatu sai mu koya mata tukunya. Masu gadin asibiti suka sa mana suna matan randa, sunan ya bi mu. Daga nan muka fara adashi, da sharaɗi ɗaya: duk yaron da allurarsa ta ƙare, ba a jiran ranar kwasa, a saya masa tukuna.

Wata rana likita ta zo ta zauna tare da mu a benci, ta cire gilashinta tana goge ido. Ta ce, "Ku ne kuka iso. Waɗanda ba su iso ba, ana binne su a ce zazzaɓi ne ko maita. Ba wanda ya san yawansu, kuma abin da ba a san yawansa ba, ba a ware masa komai." Ta ce tana so ta riƙa fita ƙauyuka da sansanoni da ɗalibanta, a gwada yara, a rubuta abin da aka gani. Tsinken gwaji da man mota ne babu.

Muka koma muka yi ta muhawara. Wata Hajiya daga Jambutu, mai baki ce amma mai kirki, ta ce, "Yau na ji sabon salo. Mu da muke nema, mu ne za mu ba likita?" Rifkatu ta ce, "Hajiya, ba likita muke ba. Yaron da bai iso ba muke ba." Ni ban iya magana a taro ba, amma na ce a ƙara hannu ɗaya a adashin, hannun da ba na kowa ba. Kowa ta zuba masa ɗan abin da ta iya, in kwasarsa ta zo a kai wa masu binciken. Hajiya ta ce, "To wannan hannun Musulmi ne ko Kirista?" Aka yi dariya, ita ce kuma ta fara zubawa.

Abin da muke tarawa bai kai ko'ina ba, sai muka ce mu fita neman taimako. Muka sami gwangwanayen madara muka huda murfinsu. Ranar farko a bakin kasuwa, ina cikin hijabi riƙe da gwangwani rufaffe, na ga mutane suna darewa, mai lemo ya bar tirensa ya yi baya. Sai a lokacin na tuna zamanin da muke ciki, na tashin bama-bamai. Wani ɗan banga ya sa na buɗe shi daga nesa, ya ga babu komai sai 'yan canji. Muka zubar da gwangwanayen. Muka koma faranti buɗaɗɗe, a tafin hannu, kowa yana ganin cikinsa, kuma biyu-biyu muke tafiya, mai hijabi da mai ɗankwali. Muka shiga makarantun Islamiyya na matan aure, muka shiga zumuntar mata a coci, muka shiga gidajen biki. Har yau da faranti muke yawo, ko da gari ya lafa.

A hankali maza suka shigo. 'Yan kasuwar hatsi suka fara ba da nasu ta hannun maigida, shi da ya kusa daina allura. Wani lauya da ƙanwarsa take da ciwon ya yi mana rajista bai karɓi komai ba. Yanzu abin da ake tarawa kashi biyu ne, na allurar yara da na bincike, kuma ɗalibai masu karatun likita suna zuwa gabanmu su yi bayanin abin da suke son dubawa kafin a ba su. Ni da ban gama firamare ba, ina zaune ana yi mini bayani, in ban gane ba in ce a sake. Ba zan ce na fahimci duk abin da suke rubutawa ba. Abin da na gani da idona shi ne wani yaro daga ƙetaren kogi da aka gano a irin fitar nan. Da ƙafarsa ya shigo asibiti, yana cin gyaɗa, ba a goye ba. Ranar Rifkatu ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba.

Ita yanzu ta koma garinsu, ta tara wasu matan a can, muna waya. Ba komai ne ya gyaru ba. Allura ta yi tsada fiye da da, tsinken gwaji wani lokaci sai a neme shi a rasa, kuma akwai yaran da muka rasa duk da ƙoƙarinmu, Allah ya ji ƙansu. Amma Fadimatu ta zama budurwa, ta fi ni tsawo, tana shirin gama sakandare. Ita take yi wa kanta allura, kuma in an kawo sabon yaro yana kukan tsoro, ita ake kira ta ɗage hannun riga ta yi tata a gabansa tana hira. Alhamdu lillahi.

Roƙona gare ku kaɗan ne. In kun ga yaro yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana yawan fitsari, yana ramewa alhali yana ci, ku kai shi a huda masa yatsa a ranar, kada ku jira a gama maganin zazzaɓi. In an sa shi a allura, kada ku bari kowa ya ce a daina, ko wane ne shi a gidan. In kuma kun haɗu da mata biyu da faranti a hannu, ku tsaya ku saka abin da ya sawwaƙa.